Shagon Baba Akawu a Garwa, da yadda ya haɗa mana takardun fanshon maigida

Duk matar da mijinta ya rasu a nan Garwa ta arewacin Kamaru, kuma ta san a rayuwarsa ana cire masa kuɗin CNPS, wato asusun fanshon ma'aikatan kamfani, daga albashi, shawarata ita ce ta biya ta shagon Baba Akawu kafin ta kashe ko dala a kan takarda. Ba ofishin gwamnati ba ne, ba kuma shi ke biyan fansho ba. Shagon rubuta wasiƙu ne da buga takardu, irin waɗanda suka jeru a gefen kotu: kwamfuta ɗaya, injin hoton takarda ɗaya, benci biyu da fanka. Matan unguwarmu ne suka laƙaba masa wannan suna domin ya daɗe yana aikin akawu a kotu kafin ya yi ritaya. Na yi hulɗa da shagon tun ina cikin takaba har kuɗi suka fara shiga, kuma har yanzu can nake kai takarduna na shekara-shekara. Yabon da zan yi da ƙorafin da zan yi duka abin da idona ya gani ne.

Maigidanmu, Allah Ya jiƙansa, direban babbar mota ne a wani kamfanin sufuri. Yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare, ya bi ta Garwa da Marwa har Kusiri, wani lokacin ya tsallaka Injamena. Mu biyu ya bari, ni da Yaya uwargida, da 'ya'ya bakwai, huɗu nata uku nawa, da tsohuwarsa da ke zaune tare da mu. Mun san ana yanke masa wani abu duk wata domin yakan yi mitarsa, mun kuma san kuɗin yara da yake karɓowa. Iyakar saninmu ke nan. Faransancina na firamare ne, Yaya kuwa allo ta yi. A Garwa kasuwa da Fulatanci ake cinta, gida muna Hausa, amma takarda ba ta jin komai sai Faransanci. Wannan giɓin shi ne sana'ar Baba, kuma yana jin duka ukun.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ya karɓar kuɗi a zaman farko. Tambaya yake yi. Wa marigayi ya yi wa aiki, gwamnati ko kamfani? Akwai lambarsa ta CNPS? Akwai akti, wato takardar shaidar aure, daga meri, ofishin magajin gari? Sai ya ji amsar waɗannan sannan ya ce ko akwai aiki ko babu.

Tambayar farko ita ke raba hanya, kuma mata da yawa a nan suke ɓata. Ma'aikacin gwamnati, kamar malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin gwamnati, fanshon iyalinsa daga baitulmali yake fitowa ta hannun Ma'aikatar Kuɗi, kuma idan yana bakin aiki ya rasu akwai wani dunƙulallen kuɗin mutuwa da ake ba magada sau ɗaya. Ma'aikacin kamfani kuwa nasa yana CNPS, asusun da aka kafa tun 1967, kuma suna da ofishi a nan Garwa. Ɗan kasuwa ko manomi ko mahauci da bai taɓa zuba komai ba, babu fanshon da ke jiran matarsa a ko'ina. Baba yana faɗin wannan kai tsaye. A gabana ya gaya wa wata baiwar Allah da mijinta ke sayar da goro a babbar kasuwa: "'Yata, ki yi haƙuri, a nan babu abin da zan rubuta miki da zai zama kuɗi. Ki riƙe abin hannunki ki sayi hatsi." Ta yi kuka, ya miƙa mata takardunta, bai karɓi ko sisi ba. A layin nan akwai waɗanda da sun karɓi jaka goma, wato sefa 10,000, sun buga mata wasiƙa mai kyan gani, su bar ta tana sintiri a rana har ta gaji don kanta.

Mu da ya ga lamba da takardun albashi, sai ya ɗauki biro ya yi mana lissafi a bayan wata tsohuwar takarda, wadda har yau tana cikin akwatina. Dokar fansho ta 1969, wadda aka gyara a 1984 da 1990, ta ɗora komai a kan watannin da aka zuba wa mutum. Idan sun kai 180, wato shekara 15, iyalinsa suna cin fanshon da shi zai ci, ko da bai kai shekara 60 ba ya rasu. Idan ba su kai ba, sai a ba da dunƙulallen kuɗi sau ɗaya, shi ke nan. Fanshon kansa kashi 30 cikin ɗari ne na matsakaicin albashin shekara uku ko biyar na ƙarshe, duk wanda ya fi tsoka, sannan kowace shekara da ta haura 15 tana ƙara kashi 1. Albashin da kamfani ya rubuta wa maigida sefa 150,000 ne, ya kuma yi shekara 20. Kashi 35 ke nan, sefa 52,500. Rabin wannan, 26,250, shi ne na mata ko matan aure, kuma in suna da yawa daidai ake raba musu, babu uwargida babu amarya. Marayun da suka rasa mahaifi ɗaya kashi 15 aka yanka musu, waɗanda suka rasa duka biyu kashi 25, iyayen mamaci da yake ɗauke da su kashi 10.

Da na ga adadin jikina ya yi sanyi, domin na san abin da yake shigowa gida da shi ya fi haka nesa. Baba ya nuna mini dalili a kan takardar albashi. Yawancin abin da direba ke samu kuɗin hanya ne, kuma kamfanin bai sa shi cikin albashin da ake yanka a kai ba. Tun 2016 abin da ake zubawa don fansho kashi 8.4 ne, ma'aikaci 4.2 kamfani 4.2, a kan albashin da bai wuce 750,000 ba. Kafin nan ma'aikaci 2.8 yake bayarwa, iyakar kuma 300,000 ce. To abin da aka rubuta shi ake lissafi da shi, ba abin da ya shiga aljihu ba. Ban ji daɗin wannan bayani ba, amma na gode da aka yi mini shi tun ranar farko. Da ba haka ba da na ci bashi a kan kuɗin da ba za su zo ba, kamar yadda wata maƙwabciyarmu ta yi.

Yanzu maganar akti, wadda ita ce ta fi komai nauyi a gidanmu, kuma a kanta na san wane irin mutum ne Baba.

Yaya an ɗaura mata aure da maigida a ƙauyensu can wajen Gidar, tun yana yaron mota. Liman ya ɗaura, an ba da sadaki, an raba goro, duk garin ya shaida. Ba wanda ya yi zancen meri. Ni kuwa na zo bayan ya samu aikin kamfani, kuma da na samu cikin fari aka nemi takardar aure kafin a ba shi kuɗin masu ciki, shi ya sa ya kai ni meri muka sa hannu. Ba don ya fi sona ba, Allah Ya sani. Ya sha cewa zai kai Yaya ita ma, hanya ta hana, yau Kusiri gobe Ngaundare, har ajali ya zo. A dokar ƙasa ta 1981, auren da jami'in meri ya rubuta shi takarda ta sani. Saboda haka matar da ta yi shekara fiye da talatin a ɗakinsa, ta haifa masa huɗu, ta yi jinyar uwarsa, ba ta cikin lissafin kashi 50 ɗin nan. Ni da na zo daga baya ni kaɗai takarda ta gani.

Baba bai ɓoye mata ba, bai kuma faɗa da gatsali ba. Ya sa yaron shagon ya fita, ya sassauta murya, ya ce: "Hajiya, aurenki aure ne a wurin Allah da wurin mutane. Amma wannan asusu da takarda yake aiki, kuma taki babu." Sai ya karɓi aktina ya duba wani layi da ban taɓa lura da shi ba. Ashe ranar sa hannu ana tambayar miji ko auren mace ɗaya ya zaɓa ko na fiye da ɗaya, a rubuta a jikin takardar. Maigida na fiye da ɗaya ya zaɓa. Baba ya ce alhamdu lillahi, da ɗayan ya zaɓa da ƙofar Yaya ta fi haka rufuwa.

Muna fita wani matashi mai jaka a hammata ya bi mu har bakin titi. Ya ji komai ta taga. Ya ce da jaka hamsin zai kawo wa Yaya akti mai tsohon kwanan wata, da hatimi da komai, cikin mako guda. Gaskiya zuciyata ta karkata, domin a ganina ba zalunci ba ne, hakkinta ne za a karɓo mata. Washegari na kai wa Baba maganar. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce kowane akti yana da lamba da gindinsa a cikin babban littafin meri, kuma ana aikawa a duba. In aka tarar babu, ba Yaya kaɗai za ta rasa ba, dosiyen, wato tarin takardun neman fanshon, duka zai tsaya, har da rabon yara, kuma mai takardar jabu kurkuku ke jiransa. Ya ce: "'Yata, in kin bi wannan hanya kada ki dawo mini da dosiyen, hannuna ba zai taɓa shi ba." Abin da ya yi maimakon haka shi ne ya rubuta wa Yaya takardar neman hukunci a kotun da ke duba shari'un al'ada, ya sa muka nemo waɗanda suka halarci ɗaurin auren kuma suna raye: ƙanin mahaifinta da ya yi mata walicci, da dattawa biyu daga ƙauyen. Ya kuma ce mata sarai bai yi mata alkawarin nasara ba, tabbatar da aure bayan mutuwar miji abu ne mai wuya, kuma in ta kai ga gardama sai lauya, shi akawu ne. Maganar tana kotu har yanzu. Kafin Allah Ya kawo ƙarshenta, duk wata in kuɗi sun shiga nakan raba biyu in kai mata nata ɗaki. Ita ta yi mini wankan jego duka uku, ba zan iya cin wannan kuɗi ni kaɗai in kwana lafiya ba. Autanta kuwa ya shiga dosiye tun farko, domin takardar haihuwarsa tana ɗauke da sunan uban kuma yana makarantar sakandare. Yaron da ke karatu ana lissafa shi har shekara 21.

Ina roƙon mazan da ke karanta wannan, musamman direbobi da masu gadi da ma'aikatan masana'anta: ku kai matanku meri, dukansu, tun kuna da rai. Ba ya rage komai daga auren da liman ya ɗaura. Lokaci-lokaci ma ana shirya auren taro a meri inda ma'aurata da yawa ke sa hannu rana ɗaya da ɗan kuɗi kaɗan, kuma a Disamban 2024 an sa hannu a sabuwar dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa wadda ta ba da hanyar kai auren gargajiya a rubuta shi. Amma duk wannan aikin masu rai ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani wurin da Baba ya yi mana rana shi ne da Baffan yara, ƙanin maigida. Mutumin kirki ne, shi ya ɗauki nauyin sadakar uku da ta bakwai, amma ya tsaya a kan cewa fansho dukiyar mamaci ce, a zuba ta cikin gado a raba yadda shari'a ta ce, mata su ɗauki tumuninsu su biyu, sauran na 'ya'ya da uwa. Ni ba ni da bakin yi masa musu ina cikin takaba. Sai na roƙe shi ya raka ni shagon. Baba ya tarbe shi da girmamawa, ya ce: "Alhaji, gida da fili da abin da ke banki, wannan gado ne, ku kira malamai su raba, ni ma zan rubuta muku takardar taron dangi a kai kotu a fitar da jijma, wato takardar hukunci, na magada, domin banki ba zai saki kuɗi ba sai da shi. Amma fansho bai taɓa shiga hannun marigayi ba balle ya bar shi. Doka ce ta ambaci waɗanda za a ba da sunansu, kuma ranar da yaro ya girma ko mace ta yi aure ake yankewa. Abin da ake yankewa ba gado ba ne." Baffa ya yi shiru, ya ce zai tambayi malaminsa. Bai sake tayar da zancen ba, kuma zumuncinmu bai taɓu ba. Da daga bakina wannan magana ta fito da ta zama rashin kunya.

Haɗa takardun kansu aiki ne mai cin rai, kuma a nan gogewar kotu ta yi amfani. Ana buƙatar takardar mutuwa daga meri, da aktin aure, da takardun haihuwar yara, da shaidar makaranta ta kowane ɗaya, da shaidar cewa suna raye kuma a hannunmu suke, da shaidar cewa ba a sake ni ba kuma ban sake aure ba, da hoton katin ɗan ƙasa. Kusan kowace sai an kai an buga mata hatimi da tambur, wato kan sarki, kuma tambur ɗin gwamnati tun 2023 ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500. Baba yana jera su bisa tebur ya bi suna harafi-harafi da bakin biro. A nan ya gano sunan maigida iri biyu ne: a katin CNPS an rubuta shi da salon da Fulani ke faɗa, a takardar mutuwa kuma ma'aikacin asibiti ya rubuta yadda ya ji daga bakinmu. Shekarar haihuwa ma a wata an sa "wajen 1966", a wata an sa rana da wata. Duk wanda ya san takardun arewa ya san wannan ciwo, sunan Muhammadu kaɗai yana da rubutu ya fi biyar. Ya sa muka fitar da takardar shaidar cewa mutum ɗaya ne kafin mu kai dosiye, maimakon a karɓa a dawo mana da shi bayan watanni. Takardar mutuwa kuwa ya ce ita ake fara yi da gaggawa, domin tana da wa'adi, in ya wuce sai an bi ta kotu, ƙarin kuɗi da ƙarin jira.

Ya kuma sa muka nemo jerin watannin da aka zuba wa marigayi. Da ya gwada da takardun albashi sai ga giɓin kusan shekara biyu: an yanke masa a takarda, kamfanin bai kai kuɗin ba. Shekara 18 maimakon 20 tana nufin kashi 33 maimakon 35, wato sefa 3,000 ƙasa duk wata har iyakar rayuwar fanshon. Allah Ya sa maigida mai adana takarda ne, duk suna cikin wata tsohuwar jakar fata a ƙarƙashin gadon Yaya. Baba ya rubuta wasiƙa biyu, ɗaya ga kamfanin ɗaya ga asusun, ya haɗa da hoton takardun. An ja lokaci, amma kamfanin ya biya bashinsa aka cike watannin. Ni kaɗai ko a mafarki ba zan san a duba wannan ba.

Kuɗin aikinsa ba su da yawa. Wasiƙa jaka ɗaya, hoton takarda sefa 25 shafi, haɗa dosiye gaba ɗaya da bin sa jaka goma, rabi a farko rabi in asusun ya karɓi dosiyen ya ba da rasit. Kuɗin tambur da hatimi daban ne, kuma ba ya karɓarsu a hannunsa, yakan ce a je a saya da kai a ga farashi. Akwai wata jikarsa da ke buga masa kwamfuta, yarinya mai hankali. Ita ta riƙa zuwa gida karɓar takardu a farkon takaba, kuɗin moto, wato babur ɗin haya, kawai muke ba ta. Malamin unguwarmu ya ce mai takaba tana iya fita da rana don lalura muddin a ɗakinta za ta kwana, amma wata huɗu da kwana goma ɗin nan ba kowace rana mace ke da ƙarfin fuskantar titi ba, kuma baki ba ya barin wadda aka gani a waje.

Sai dai shagon yana da nasa aibu, kuma ba zan rufe su ba.

Babba shi ne rashin sirri. Ɗaki ɗaya ne ƙarami, taga a buɗe saboda zafi, maza na zaune a benci suna jiran a buga musu takardar fili ko ta moto, mace kuma tana bayanin ranar da aka ɗaura mata aure da nawa mijinta ke samu da ko ya taɓa sakinta. Ranar Yaya ya kori mutane, amma ba kullum yake tunawa ba, kuma ta tagar nan ce mai jakar ya ji zancenmu. Labule ɗaya da kujera a lungu zai magance wannan. Na faɗa masa, ya ce in sha Allahu, har yau ba a sa ba.

Na biyu, ba shi da janareta. In wuta ta ɗauke aiki ya tsaya, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce 40, zama a ɗakin nan ba fanka azaba ne, ballantana ga mai goyo. Na uku, yana da nawa. Shi kaɗai ke duba takarda, ba ya yarda jikar ta yanke hukunci a kan komai, kuma daga azahar ba ya dawowa sai bayan la'asar, lokacin ofisoshi sun tashi. Abin da za a gama yau yakan kwana. Ba ya ba da rasit na kuɗin da ya karɓa, a wani littafi yake rubutawa. Ni ban taɓa samun saɓani da shi a kan kuɗi ba, amma mutumin da ke koya wa mata kada su ba da komai sai da rasit ya kamata ya fara da kansa. Sannan in fanshon ma'aikacin gwamnati ne, iyakarsa takardun kotu da na meri. Abin da ya shafi bin dosiye a ma'aikatu ba fagensa ba ne, shi da kansa yakan faɗa, sai dai ya tura mace wurin wani tsohon abokin aikinsa.

Akwai kuma abin da wasu mata ke ɗauka aibu ne, ni kuwa ban ɗauke shi haka ba. Fanshon matar mamaci yana tsayawa ranar da ta sake aure, kuma duk shekara sai an sabunta shaidar rai da ta rashin aure da ta makarantar yara, in ba haka ba a dakatar da biya. Wasu sukan ɗaura aure a masallaci su yi shiru, su ci gaba da sa hannu cewa ba su da miji. Baba ba ya cika wa irin waɗannan takarda in ya sani, kuma a unguwa ba abin da ke ɓoyuwa. Wata ta zage shi a kan haka a gabana. Ni kaina wannan sharaɗi yana yi mini nauyi. Shekaruna ba su kai arba'in ba, iyayena suna so in yi aure, kuma a al'adarmu ba a son mace ta daɗe a zaune. Doka ta sa mace ta zaɓa tsakanin miji da guminsa na wancan mijin, kuma a halin da muke ciki in na yi aure ba ni kaɗai zan rasa ba, har da Yaya da ke cin rabi ta hannuna. Ina ganin ya kamata masu yin doka su sake duba wannan. Amma gyaran doka daban, rantsuwar ƙarya a takarda daban, kuma ban ga laifin dattijon da ya ƙi sa hannunsa a ciki ba.

A zuwana na baya-bayan nan na tafi da babban ɗan Yaya, wanda ke haya da moto kuma ya yi aure bara. Baba ya zaunar da shi ya yi masa bayanin inshorar sa-kai da aka buɗe tun 2014 domin masu sana'ar kansu: mutum ya faɗi abin da yake samu a wata, ya riƙa zuba kashi 8.4 da kansa, watanninsa su riƙa taruwa kamar na ma'aikacin kamfani. Yaron ya ce zai yi tunani, domin abin da ake samu a moto yau akwai gobe babu. Aktin aure dai Baba bai bar shi ya yi tunani ba, a take ya rubuta masa jerin abin da zai kai meri, kuma sun sa hannu shi da matarsa kafin azumi.

Mai niyyar zuwa ta je da sassafe, kafin takwas, ranar Litinin zuwa Alhamis, domin Juma'a rabin yini yake yi. Ta tafi da duk takardar da ke ɗauke da sunan mijin, ko ta ga kamar ba ta da amfani, musamman takardun albashi da katin CNPS. Ta tafi da wani nata da zai riƙe mata bayani, domin mai sabon rashi ba ta riƙe lissafi. Takardu na asali kuwa a ɗauki hotonsu a wurin ta koma da abinta gida, Baba ma ba ya yarda su kwana a shagonsa.